Fim ɗin da Bai Kama Ba

Kashe-Ido ake ce masa, don tun yana saurayi ba a ganinsa sai ido ɗaya a rufe, ɗayan manne da kyamara. Shekara talatin yana karanta mita a ma'aikatar ruwa, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya ce hoto. Tsofaffin kyamarorin fim goma sha tara ya tara, masu nauyi kamar dutsen guga, ya jera su a kabad ɗin gilashin da matarsa ta zo da shi. Kwanukanta suka koma ƙarƙashin gado. Mutum ne mai raini, kuma ba abin da ya raina kamar hoton waya.

Da jikin mahaifiyarsa ya yi tsanani aka dawo da ita gidansa. Tsohuwar ba ta son hoto, duk rayuwarta ba ta yarda an ɗauke ta ba. Ran nan da hantsi ta ji dama-dama, ta ce a ɗaura mata ɗankwali a zaunar da ita bakin taga, su ɗauka su huta da naci. Ƙanwarsa ta zaro waya, ya buge mata hannu.

"Uwata za ki ɗauka da abin wasan yara? Mayar da shi jaka."

"Yaya, ko ɗaya ne," in ji ta.

"Ko rabi."

Ya ɗauko wadda ya fi ji da ita, ya cusa fim yana surutu ba tare da ya duba ba, shi gwani. Sau talatin da shida ya danna. Tsohuwar har dariya ta yi masa, ta ce ya buɗe idon nan ta gan shi. Kwana huɗu bayan nan ta rasu.

Da masu gaisuwa suka watse ya ɗauko kyamarar zai cire fim. Ya ja hannun da ke tura fim gaba don ya ji ya ƙage, alamar ya ƙare. Sai ya tafi sumul. Ya sake ja, ya sake tafiya.

Mai wankin hoto ya ɗaga fim ɗin a haske, fari tas daga farko har ƙarshe.

"Bakinsa bai kama haƙoran da ke jansa ba, malam, ko motsi bai yi ba. Da buɗe kyamarar aka yi, baƙi zai fito. Wannan daga wajen sawa ne."

Kashe-Ido ya jefa fim ɗin a kwata. Da ya isa gida ya tara 'yan uwa, ya nuna matarsa da yatsa, ya ce ita ta buɗe bayan kyamarar garin goge ƙura, haske ya ƙone hotunan uwarsa. Ko idonsa bai ƙifta ba. Ƙanwarsa ta zage ta tas, ta ce dama jinyar ta ishe ta. Matar da ta yi wata biyar tana wanke tsohuwar da hannunta ta tashi ta shige ɗaki, ya kuwa ji daɗin hakan.

Washegari yana goge gilasan kyamarorinsa matarsa ta shigo da jakarta a rataye, ta miƙo masa wayarta.

"Ban buɗe ba, kai ma ka sani. Ranar da ka ɗauke ta na saci hoto guda ɗaya daga bakin ƙofa, tsoronka ya hana ni matsowa. Shi ke nan abin da ya rage na Inna."

Ya karɓa. Bayansa ne ya cika hoton, ya duƙa, kyamara a fuska, ya tare tsohuwar gaba ɗaya. Daga gefen rigarsa hannunta kaɗai ya leƙo, a miƙe, tana kiransa.

Ta karɓe wayarta ta fita.