Bappa Hammanjoda da Yaran da Ya Raba da Bindiga

Ina harabar kotu ranar Talata da hantsi, ina jiran a kira shari'ata, sai ga wayar Aisha. Ita ce babbar 'yar malamina, Barista Hammanjoda, wanda mu ɗalibansa muke kira Bappa. Ba ta ja magana ba. Ta ce Bappa ya cika bayan sallar asuba, za a yi jana'iza bayan azahar. Na zauna a kan dakali da rigar lauya a jikina, sai wani abokin aikina ne ya shiga ya roƙi alƙali ya ɗaga mini shari'ar. Kafin in isa unguwarsu Sintali, layin gidansa ya cika. Na ga limamai, na ga fastoci, na ga mata 'yan ƙauye da zannuwan zumuntar coci zaune a tabarma ɗaya da Inna Dudu, matarsa.

Na fara saninsa a aji, lokacin da yake koya mana dokar ƙasa da ƙasa. Dogo ne siriri, mai tafiyar soja, domin a gidan soja ya fara aikin lauya, kuma ya yi shekaru cikin rundunar kiyaye zaman lafiya a wata ƙasar Afirka ta Yamma da yaƙin basasa ya cinye. Da Turanci yake karatu, amma idan abu ya taɓa zuciyarsa sai ya koma Hausa, irin tasa mai gauraye da Fulatanci. Zai ce yarinya ya zo, yaro ta tafi. Idan mun yi dariya shi ma ya yi, ya ce ba komai, a wurin doka ma duk ɗaya ne. Ni Kirista ce 'yar ƙabilar Kona, shi Bafulatani ne Musulmi, amma tun a zangon farko ya fara kirana 'yata, kuma bai taɓa sake mini suna ba.

Yawancinmu mun ɗauki darasinsa a matsayin abin da ake haddacewa don cin jarrabawa. Yana gaya mana cewa ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya, har ƙasarmu ta sa hannu, cewa ba a sa yaro yaƙi, ba a kai hari makaranta ko asibiti. Mu kuwa muna ganin wannan zance ne na manyan birane masu nisa. Shi bai taɓa ganinsa haka ba. Yakan ba mu labarin bataliyarsu, inda aka tara sojoji daga ƙasashe daban-daban, wasu ko gaisuwar juna ba sa ji, abincin wani ba ya ciwuwa ga wani. Amma ranar da suka tarar da yara riƙe da bindigogi a wani shingen hanya, babu wanda ya jira tafinta. Kowa ya sauke tasa bindigar ƙasa. Yakan ce tun daga ranar ya yarda cewa akwai abin da mutanen duniya za su iya haɗa kai a kansa.

Bayan na gama karatu na shiga ofishinsa. A daminar da rikicin manoma da makiyaya ya kori mutanen ƙauyuka zuwa cikin gari, wata makarantar firamare ta zama sansanin 'yan gudun hijira, kuma kullum da safe sai mun biya ta can kafin mu je ofis. Bappa ba ya tsayawa a kan yaro yana magana. Sai ya tattare babbar rigarsa ya tsuguna, har idonsa ya daidaita da na yaron. Da aka so a ajiye masu tsaro da makamansu a ɗaya daga cikin ajujuwan, shi ya yi ta zarya wurin hukuma cikin ladabi, har aka sama musu wani wuri a wajen katanga. Hujjarsa ita ce, duk ajin da bindiga ta kwana a ciki ya zama abin hari.

A wannan sansanin ne wata mata mai suna Saratu ta riƙe mini zani tana kuka. An kashe mijinta a gona, kuma samarin ƙauyensu da suka tsaya gadi sun zo sun tafi da ɗanta Bulus, wanda ko firamare bai gama ba, wai shi ma ya isa ya rama wa ubansa. Da na gaya wa Bappa, sai ya ce in shirya, gobe za mu je. Na faɗa masa gaskiya cewa ƙauyen yana can gaba da garin Sunkani, kuma a irin wannan lokaci Bafulatani ba ya shiga can ya fito lafiya. Inna Dudu ma ta roƙe shi. Ya saurare mu har muka gama, sa'an nan ya ce, "Idan na aika wani, za su ce dokar Turawa ce. Idan na je da wannan fuskar tawa, dole su tsaya su ji."

Muka tafi ni da shi da wani tsohon fasto da ya yarda ya raka mu. Mun tarar da samarin a gindin ɗorawa, a gefen rumbunan da aka ƙone. Bulus yana cikinsu, bindigar gargajiya a kafaɗarsa, gindinta yana jan ƙasa. Ni nake fassara. Shugaban samarin bai ba Bappa wurin zama ba. Da Bappa ya ce doka ta hana a ba yaro makami, sai ya tambaye shi ina wannan dokar take ranar da aka ƙone musu gidaje, ya kuma ce ai a rugage ma yara ne ke riƙe da makamai. Na ji tsoro ƙwarai. Bappa bai musa masa ko ɗaya ba. Ya ce gaskiya ne, doka ta makara a kansu, kuma gobe rugar zai tafi da wannan maganar, idan suna so su haɗa shi da mutum ɗaya ya zama shaida. Daga nan ya ba su labarin wani yaro da ya karɓi bindiga daga hannunsa a ƙasar da ya yi aiki. Bayan an gama yaƙi sun mayar da shi gida, amma uwar da ta haife shi ta riƙa kulle ƙofarta saboda tsoronsa. Ya dubi shugaban samarin ya ce, "Wannan faɗan zai ƙare, ɗana, kowane faɗa yana ƙarewa. Amma yaron da ya kashe mutum, a gidanku zai tsufa."

Ba su ba mu Bulus ba. Haka muka dawo. Washegari Bappa ya tafi rugar kamar yadda ya ce, kuma can ma bai sha da daɗi ba, domin wasu cewa suka yi ya sayar da danginsa. Ya dawo da yara biyu. Akwai na uku da mahaifinsa ya hana, kuma kafin damina ta fita aka kashe yaron. Har ƙarshen rayuwarsa Bappa bai daina ambaton sunan yaron nan ba, Sale. Bulus kuwa, bayan 'yan kwanaki sai ga shi a bayan motar doya, shugaban samarin da kansa ya sako shi. Saratu ta zo ofis za ta durƙusa, Bappa ya hana ta, ya ce ta tafi ta dafa wa yaro abinci. Yanzu Bulus yana koyon aikin jinya. Ya zo jana'iza, ya tsaya a bakin maƙabarta har aka gama.

Daga baya Bappa ya zaunar da dattawan ɓangarorin biyu, suka yi alkawari a gaban liman da fasto cewa ko me ya faru ba za a ba yaro makami ba, ba za a taɓa makaranta ba. An karya alkawarin a wasu wurare, an riƙe shi a wasu. Shi dai duk inda aka karya, can zai nufa.

Lokacin da ciwo ya kwantar da shi na je duba shi, na tarar ana nuna yaran wata ƙasa a talabijin, ana zaro su daga ƙarƙashin gine-ginen da bam ya rusa. Na tambaye shi ko har yanzu yana da imani da wannan doka, alhali manyan ƙasashen da suka rubuta ta su ne ke taka ta. Ya juyo ya dube ni. Sai ya ce, "'Yata, da babu dokar, mai kashe yara ba zai ma ɓoye ba. Yanzu yana ƙarya, yana cewa ba shi ba ne. Wannan kunyar ita ce igiyar da muke da ita. Ku ja ta, kada ku sake." Daga nan ya sa Aisha ta kawo mini kindirmo, ya ce na rame.

Ya Allah, ga bawanka Hammanjoda ya zo gare ka. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata masa makwancinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna Dudu da Aisha da ƙannenta haƙurin wannan rashi, ka zama gatansu, ka albarkaci jikokinsa. Mu da ya koyar, ka ba mu ƙarfin zuciyar da za mu je inda ake tsoron zuwa. Yaran da ke cikin yaƙi a yau, na kusa da mu da na ƙasashen da ba mu taɓa gani ba, ka tsare su, ka mayar da kowannensu hannun uwarsa. Amin.