Mai Guga da Koren Littafi

Ranar da na yi faɗa da mai gugan layinmu, har masu gyaran babur na tsallake sai da suka ajiye aiki suka zo kallo. Mayafina ya ƙona, ruwan toka mai santsi, wanda autata ta aiko mini, sau biyu kacal na yafa shi. Ba irin ƙunar nan ta ɗan ja-ja ba, a'a, rami ne sak siffar dutsen guga, har da tsininsa. Na ɗaga mayafin, ta cikin ramin na hango mutumin a tsaye, ga littafi buɗe a jingine da bango a gabansa.

"Sannu, malamin makaranta," na ce. "Guga ka fito yi ko jarrabawa?"

"Goggo, ki yi haƙuri, wallahi ban san yadda aka yi ba."

"Ni na san yadda aka yi! Hannu a kan kayan mutane, ido a kan takarda. Gemu ya fara fari kana bin baƙi da yatsa kamar ɗan aji ɗaya. Da karatun yana son ka, ai ba a nan za mu same ka kana hura gawayi ba."

Aka kwashe da dariya. Dariyar ta yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba, sai na ƙara da abin da ya fi. Na miƙa hannu na fizge littafin, kore ne, da hoton kwaɗo a bayansa, na cusa a hammata.

"Goggo, ban da wannan. Ɗauki duk abin da kike so a shagon nan, ban da wannan."

"Ashe na taɓa inda yake da zafi. Ran da ramin nan ya haɗe ka zo ka karɓa."

Na tafi gida na tura shi ƙarƙashin katifa. Ni rubutu a wurina tafiyar tururuwa ce. Da na iya karatu, da na ga hatimin makaranta a shafin farko, da sunan yarinya a ƙasansa. Sauran labarin shi ya ba ni da bakinsa, abin da ya tsallake kuma na tsinta a wurin matarsa.

A aji huɗu na firamare ya tsaya. Ubansa ya kwanta ciwo, aka cire shi daga makaranta aka miƙa wa wani kawunsa mai wanki. Shekara talatin ke nan yana tsaye a kan tebur: bargo a ƙasa, farin ƙyalle a sama, kwanon ruwa na yayyafi a dama, buhun gawayi a bayan ƙofa. Mutum ne marar magana. In ka kai masa riga zai miƙo maka ita da kari kamar bakin wuƙa, ya ce "a sa lafiya", shi ke nan hirar ta ƙare.

Babbar 'yarsa, wadda yake kira Uwata, ita ta jefa shi cikin wannan hali ba tare da ta sani ba. Ran da ta fara makaranta ta dawo da littafi ta ce, "Baba, mene ne wannan?" Ya sani, ya faɗa mata. Washegari ma ya sani. Yarinya ta bi layi tana shela, babanta ya san komai, ya fi malaminsu. Shi kuwa bai taɓa ce mata ya gama makaranta ba. Bai dai taɓa ce mata bai gama ba.

Da ta shiga aji biyar, abin da ke cikin kansa ya ƙare ƙaf. Nan ya samo dabara. Akwai takardar da ta manna a bayan ƙofar ɗakinsu, mai nuna darasin kowace rana. Da ta fita da safe, sai ya duba takardar, ya zaro littafin da ba a bukata ranar daga kwalin littattafanta, ya tura cikin ƙunshin kayan mutane ya tafi shago. Ƙarfe ɗaya ya dawo da sunan cin abinci, ya mayar da shi daidai inda ya ɗauka.

Lokacin karatun kuwa dutsen guga ne ke ba shi. Duk mai guga da gawayi ya san akwai jira: in an zuba sabon garwashi, dutse kan yi zafin da ya wuce kima, dole a ɗora shi a gefe ya huce. Sauran masu guga a nan suke shan shayi da gulmar masu wucewa. Shi a nan yake cin rabin shafi, yatsa a kan layi, leɓe yana motsi. Dutse ya huce, ya rufe littafi. A wuni yakan samu irin wannan jira sau goma ko fiye. Da haka yake gaban yarinyar da mako guda, kullum mako guda, kamar mai gudu kare na bin sa. Da yamma ta ce, "Baba, wannan fa?" sai ya gyara zama ya yi tari, ya ce, "Kawo mu gani, an daɗe ba a haɗu ba," alhali makon jiya ya gama kokawa da shafin.

Kuma hannun mai guga ba ya ganin lanƙwasa ya ƙyale. In ya tarar da kunnen shafi a naɗe, sai ya ɗora hankici a kai, ya bi da dutse lokacin da ɗuminsa ya kusa mutuwa.

Haka suka haye har sakandare. Sai shekarar nan ta zo wadda komai ya faɗo masa lokaci guda. Matarsa ta haifi tagwaye. Tsohuwarsa ta zame a banɗaki ta karya ƙugu, sai an ɗaga an kwantar. Ruwan sama ya ƙi tsayawa, wanki ba ya bushewa sai a ƙarƙashin dutse. Ana cikin haka wani sabon masaukin baƙi a bayan tasha ya ba shi aikin zanen gado, tuli guda kowace safiya. Mai bakuna bakwai a gida ba ya mayar da aiki. Ya sayi dutse na biyu, don yana aiki da ɗaya, ɗaya na hucewa. Aiki ya yi sauri, amma da hannunsa ya kashe jiran nan. Mako guda da yake gaban yarinya ya koma kwana uku, ya koma kwana ɗaya. Wata rana ta tambaye shi yadda jini ke zagaya jiki, ya ce kansa na ciwo.

Sai ya lura zanen gado ba ya son ido. Ba maɓalli, ba wuya, ba aljihu. Ka ja, ka bi, ka ninka. Ya jingina littafi da bango, hannu na aikinsa, ido na nasa. Auduga mai kauri tana son dutse mai zafi sosai, yana zafga mata. Ranar Talatar nan da muka yi faɗa, hannunsa ya jawo na gaba a tuli, ya ɗora dutse, sai wari ya gaya masa ba zanen gado ba ne.

Koren littafin na kimiyya ne, na makaranta, aro ake ba yara. Laraba ake darasinsa, malamin kuma yana bin tebur-tebur yana dubawa.

Da yammar nan yarinya ta zazzage kwali. Ta ɗaga tabarma, ta leƙa ƙarƙashin gadon kakarta, ta duba har cikin kwandon tsummokin jarirai. Shi yana zaune bakin ƙofa yana wanke ƙafar da ya riga ya wanke.

"Baba, ba ka ga koren littafina ba?"

A nan ne ya yi abin da har yau in ya tuna yake sunkuyar da kai. Maganar gaskiya ta zo masa har maƙogwaro, sai ya ji bakinsa yana cewa, "Ke dai ba ki da kula. Kullum ina gaya miki ki riƙa adana kayanki."

Ta dube shi. Ta ɗauki bokiti ta fita ɗebo ruwa. Ta dawo ta sake duba kwalin, ta sake ɗaukar bokiti. Sau uku, har uwarta ta ce, "Ke, randa ta cika, a kaina za ki zuba?"

Washegari da hantsi yana tsaye a shago ya hango ta tana wucewa ta ɗaya gefen titi, jaka a baya, gwiwoyinta fari fat da ƙura. An sa ta durƙuso a tsakuwa, an koro ta, kada ta dawo sai da littafi ko da ubanta. Ba ta waiwayo shagon ba. Ya juye garwashin duka duwatsun biyu a ƙasa, ya watsa ruwa, ya ja ƙofa.

Ina tsince shinkafa na ji sallama. Kafin na amsa, ƙaton mutum ya zube a ƙofar ɗakina.

"Tashi, ɗan nan, ni ba alƙali ba ce. Ramin ya haɗe ne?"

"Goggo, littafin ba nawa ba ne."

Ya kwashe komai ya faɗa, ido a ƙasa, tun daga aji huɗu har bokiti uku. Na ji shinkafar ta yi mini nauyi a cinya. Na ɗaga katifa na miƙa masa, na kasa duban fuskarsa. Don in rage wa kaina zafi na ce, "Ka ce mata ni na ɗauka. An san halina, ba wanda zai yi mamaki."

"Ko in tura shi bayan kwalin, ta ce ita ta manta," in ji shi. Ya girgiza kai. "Tun a hanya nake wannan tunani, Goggo. Kin ga irin uban da na zama."

Ya tarar da ita a tsakar gida tana jijjiga ɗaya cikin tagwayen. Matarsa tana bayan labule, ita ta ba ni wannan. Ya ajiye littafin kusa da ƙafar yarinyar, ya tsaya kamar wanda aka kama da kaza a riga.

"Uwata, ni na ɗauka."

"Na sani, Baba."

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun ina aji biyar. Littafin kowa kunnuwansa a naɗe, nawa kamar yau aka fito da shi daga shago. Wata rana ma da ɗuminsa nake samun sa, yana warin gawayi."

"To, ruwan da kika yi ta ɗebowa jiya fa?"

"Don ka samu ka mayar ne ba na nan."

Ya zauna a ƙasa. Ya tambaye ta me ta ce wa malam. Ta ce ta ce yar da shi ta yi.

"A aji huɗu na tsaya, Uwata. Ban taɓa taka sakandare ba."

Wannan kam ba ta sani ba, ta ɗauka mantuwa ce yake gyarawa. Ta daina jijjiga jaririn.

"Aji huɗu? To, wa ya koya maka lissafin da ka koya mini bara?"

"Littafinki."

"Kai, Baba! Ni da malami a gabana na kasa, kai da dutsen guga ka iya?"

Ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, jariri ya taya ta. Daga ɗaki kakar ta ɗaga murya tana tambayar wa ya mutu.

Ranar Alhamis ya sa rigarsa mafi kari, ya raka ta makaranta. A gaban malamin da yara talatin ya ce 'yarsa ba ta yar da komai ba, shi ne ɓarawon. Ya ce gumin da ya yi a wurin ya fi na shekara talatin a kan garwashi. Malamin ya ce yarinya ta je ta zauna.

Daga ranar ba a sake sata a gidan ba. Ita da kanta take ajiye masa littafi a kan ƙunshin kaya, ta sa ɗan tsinke a inda suka tsaya. Ya daina karatu a kan zanen gado. Ya sayar da dutse na biyu, ya ce wa masu masauki su rage tulin, ya koma jiransa na da. Yanzu ita ke gabansa, da yamma shi ke cewa, "Uwata, wannan fa?" ita kuma ta yi tari irin nasa ta ce, "Kawo mu gani." Ya saya mini wani mayafin, na karɓa, har na ce launin bai kai na farko ba.

Shekara biyu bayan haka mai ginin da yake haya ya sayar da shagon, suka tashi zuwa wata unguwa mai nisa. Duk tsawon nan akwai maganar da ke cina. Ni fa ban taɓa bin layi a shagon nan ba. In na kawo kaya na ga tuli, sai in jira ya juya yana hura wuta, in cusa nawa a tsakiya don a yi mini da wuri. Ranar Talatar ma haka na yi. Shi bai taɓa tambayar yadda mayafi ya shiga cikin zanen gado ba, ya ɗauka duk laifinsa ne.

Sai da aka ɗaure tebur a kan mota, direba ya tayar da inji, sannan na ja ƙafa na je taga. Yana zaune da jakar 'yarsa a cinya.

"Goggo, a yafe mu."

"Rufe mini baki ka saurara, don ba zan maimaita ba. Mayafin nan ni na cusa shi cikin zannuwan da hannuna, kana hura gawayi. Kai kwana biyu ka yi ka faɗi naka, ni shekara biyu nake zaune a kan nawa. Je ka yi karatunka, ɗan nan. In ka kai wurin da aka yi bayanin kwaɗon nan na bayan littafi, ka aiko a gaya mini, ya kwana ƙarƙashin katifata ban san me ya kawo shi ba."