Dattijon da Ke Jiran Izini

Dattijon yana tsaye a tasha tsakanin motoci biyu, rungume da leda a ƙirji. Kansa aske yake ƙwal, rigarsa duk shaidar ninki, irin ɗinkin da aka daɗe da daina yi. Da wani ɗan sanda ya gifta, sai ya tsuguna, kai a ƙasa. A gidan yari ake koyon wannan tsugunon.

Mota ɗaya ƙauye za ta. Duk sa'ad da ɗan kamasho ya kira sunan ƙauyen, leɓen dattijon sai ya motsa. Wataƙila can ne gida, kuma can akwai kabarin da shi ne sanadinsa, da dangin da ba su manta ba. Ɗayar birni ta nufa, inda ba wanda ya san fuskarsa.

"Baba, ina zuwa?" in ji ɗan kamasho.

"Wacce aka ce in shiga, ɗana?"

Ɗan kamasho ya yi dariya. "Wa zai ce? Ai ƙafarka ce, Baba."

Dattijon ya waiwaya yana neman mai ba da umarni. Babu kowa sai masu sayar da ruwa. Ya gyara riƙon ledarsa, ya nufi motar ƙauyen.