Gamanar Inna Zara'u

A garin da ake kira Sarkin Hausa, a jihar Maradi, in ka ce Zara'u sai a tambaye ka wacce. In ka ce Inna Zara'u mai gamana kuwa, kowa zai nuna maka gidan. Gamana ita ce 'yar gonar da ake yankar wa mace daga gandun gida ta noma abin da ranta ke so. Tata tana gabas da gari, surukinta ne ya auna mata da ƙafa tun tana amarya, kuma da geronta da wakenta ta yi wa 'ya'yanta mata kayan ɗaki. Yanzu ta haura saba'in, gwiwa ta fara gardama, amma bakin nan yana nan daram.

A zamaninsu, girmama tsohuwa shi ne a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa, a bar ta a tsakar gida ana zuwa neman shawara. 'Ya'yan yanzu kuwa sai su ɗauke ta kacokan su kai birni. Haka ɗanta Harisu, ma'aikacin buro, wato ofis, a Maradi, ya yi mata bayan kaka, da zuciya ɗaya. Ga ɗaki da fanka, ga tele, ga likita yana auna mata tansiyo don gudun hawan jini. Matarsa Rukaiya ko tsintsiya ba ta bari ta taɓa. Inna ta yi ƙiba, ta yi haske, ta kuma yi kaɗaicin da ba ta taɓa sani ba. Ana gaishe ta safe da yamma, amma ba mai tambayarta komai sai ko ta ci abinci.

Da bazara ta yi nisa, wata baƙuwa daga gida ta kawo labari: Malam Bello, ƙanen marigayi mijin Inna, ya ce in ruwa ya sauka ba ta shuka ba, gamanar za ta koma gandu. Ba mugunta ba ce, haka aka saba.

"Harisu, a maida ni gida," in ji Inna.

"Haba Inna, mi za ki yi da gona? Hatsi ne, ni zan saya miki."

"Ni na ce maka hatsi na rasa?"

Ya yi dariya, ya ce sai ya samu hutu. Ruwa kuwa bai jira hutunsa ba. Ranar da aka yi na shuka, yana fita buro ta ƙulle kayanta a zane, ta ce wa Rukaiya, "Ki ce mishi na tahi." Ta hau mota a tasha, inda motar ta sauke ta kuma ta hau babur ɗin kabu-kabu, ta damƙe rigar mai moton tana yi masa faɗan gudu har ƙofar gida.

Washegari Harisu ya biyo ta, ransa a ɓace. A gona ya same ta. Maza duk suna gandu, babu mai sara mata, don haka ita ke sarawa da sungumi, ta huta, sannan ta dawo ta zuba iri. Rana ta ɗaga, layukan da ta yi ba su taka kara sun karya ba, amma miƙe suke sambal. Ya tsaya yana kallon tsohuwar nan, duk faɗan da ya shirya a hanya ya bi iska. Kunya ta kama shi, alfahari kuma ya cika masa ƙirji. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya karɓi sungumin.

"Saranka ya yi kusa-kusa," in ji ta daga baya. "Buɗe ƙafa. Lakwal ta ɓata ka, ɗan boko."

Malam Bello ya zo wucewa a amalanken jaki, ya ja linzami.

"Sannu da aiki, Zara'u."

"Yawwa Bello. Ka dai gani da idonka, an shuka."

Da ya wuce, Harisu ya ce a hankali, "To Inna, in mun gama sai mu koma?"

"Kai dai ka koma. Lokacin noma ka dawo, ka taho da Rukaiya."

Ta zuba gero a ramin da ɗanta ya sara, ta rufe da diddige, ta ce masa ya ƙara sauri kafin ƙasa ta bushe.