Firmin Gaudelet, Mai Shafa wa Agogo Zinariya

Haihuwa da asali

An haifi Firmin Gaudelet a shekarar 1766 a garin Villedieu na yankin Normandi, garin maƙeran tagulla, inda ƙarar guduma ta kurmantar da rabin magidanta. Mahaifinsa Nicaise maƙerin tukwane ne, mahaifiyarsa Mathurine kuwa saƙa take yi. Tun yana ƙarami aka shaide shi da rashin zama wuri guda, domin sau biyu limamin coci yana karɓarsa karatu, sau biyu yana mayar da shi gida, bai fita da komai ba illa iya rubuta sunansa.

Koyon sana'a

A shekarar 1780 mahaifinsa ya aika shi Paris wurin wani mai shafen zinariya da ake kira Tsoho Landrin. A wancan zamani manyan gari sun gaji da agoguna masu lanƙwashe-lanƙwashe, sun koma son fasalin gine-ginen Girkawa da Romawa na dā: ginshiƙan farin marmara a miƙe, tulu a sama, mace mai mayafi ta jingina a gefe. Agogo guda yakan bi ta hannun mai zubin tagulla, da mai sassaƙa, da mai marmara, da mai haɗa inji, amma sunan mai injin kaɗai ake rubutawa a fuskarsa. Mai shafe shi ne na kusa da ƙarshe, kuma shi ne mai gajeren kwana. Yakan dama zinariya da zaiba, wani farin ƙarfe mai dafi da ke gudu kamar ruwa, har su yi laushi kamar man shanu, ya shafa wa tagullar, ya ɗora a kan garwashi. Zaibar ta tashi ta zama hayaƙi, zinariyar ta zauna.

Ranar da Firmin ya fara tsayawa gaban wuta, Landrin ya ciro tsabar zinariya guda daga aljihu ya ce, "Buɗe bakin nan, ɗan masu tukwane. Riƙe ta a kunci. Ita za ta sha zaibar, ba kai ba. In ka haɗiye ta, farke ka zan yi in ɗauki abata." Da yamma tsabar ta fito fari fat, kuma da wannan farin ne masu sana'ar suke kafa hujja cewa dafin ya tsaya a kanta. Ba wanda ya tambayi inda sauran hayaƙin ya tafi, alhali Landrin kansa, saboda rawar hannu, sai an riƙe masa kofi yake shan ruwa.

Aure da shahara

A shekarar 1788 ƙungiyar masu sana'a ta yarda da gwanintarsa bayan ya gabatar da wani ƙaramin agogo mai ginshiƙai biyu, wanda bai taɓa sayarwa ba. Ya ajiye shi a kan dutsen murhun ɗakinsa, yana wana shi da mabuɗi kowace Lahadi bayan an taso daga coci. A wannan shekara ya auri Perrine Auvray, mai goge tagulla da dutse har ta yi ƙyalli. Allah ya ba su 'ya'ya shida, uku suka rasu a goye.

Abin da ya ɗaukaka sunansa shi ne launin da yake ba fuska da hannuwan mutum-mutumin da ke jikin agogo, zinariya mai taushi marar ƙyalli, kamar fatar mai rai. Ya yi imani cewa iska ce take ɓata wannan launi, saboda haka duk ranar shafe sai ya rufe ƙofa, ya toshe tagogi da tsummoki.

Shekarun juyin mulki

Da aka tumɓuke sarauta, masu sayen agogo wasu suka gudu, wasu aka fille musu kai. Firmin ya kashe wutarsa a shekarar 1792, ya shiga yawo da iyalinsa: ya yi maɓallan rigunan soja, ya yi aiki inda ake narkar da ƙararrawar coci, ya koma Villedieu ya kasa zama, ya dawo Paris lokacin da hukuma ta ce a raba yini sa'a goma, ya taimaka wajen sauya fuskokin agoguna, aka soke dokar, ya taimaka wajen mayar da su. Gida bakwai suka canza, agogon nan mai ginshiƙai biyu yana naɗe cikin bargo. Waɗannan shekaru na talauci su suka tsawaita ransa, domin sun raba shi da zaiba, amma shi kullum asara yake kiransu.

Komawa gaban wuta

A shekarar 1801 sababbin masu mulki da hafsoshinsu suka fara ƙawata gidaje, Firmin ya sake hura wuta. Bayan shekara shida rawar hannu ta kama shi, haƙoransa suka fara zuba, ya zama mai saurin fushi, ba ya iya zama a kujera har a gama cin abinci. Wata Lahadi yana wana agogon gida, mabuɗin ya kuskure raminsa, ya ɓantare farin tangaran ɗin fuskar agogon a gefen hagu. Daga ranar ya miƙa mabuɗin ga 'yarsa Ursule, wadda shekarunta goma sha tara, kuma ba da jimawa ba ya miƙa mata burushin shafe da tsabar zinariyar da ya gada daga Landrin, tunda ɗansa Blaise yana soja, Aubin kuma ya ƙi sana'ar. Ita ke tsayawa gaban garwashi a ɗaki a rufe, shi yana kai da komo a bayanta yana cewa ɗaga, juya, sauke. Aikin ya ci gaba da fita da sunansa, launin bai ragu ba.

Perrine ba ta taɓa yarda ba. Maƙwabta sun sha jin ta tana cewa, "Maigida, kai da rabin miyarka ke ƙarewa a gaban riga, kai ne shaidar wannan tsabar? Landrin ya tsotse ta, ka ga yadda ya ƙare. Ka tsotse ta, ga ka nan. Yanzu 'yata?"

Amsarsa guda ce: "Ke ki riƙe dutsen gugarki. Tsufa ne ya kama ni, ba wuta ba."

Agogon da ba a gama ba

A shekarar 1811 wani dillalin kayan ado ya kawo masa aiki mafi girma da ya taɓa samu, agogon da za a kai gidan wani babban hafsa, mai siffar mace zaune gefen ginshiƙi tana kaɗa garaya. Ursule ta yi makonni a gaban wuta. Dasashinta ya fara jini, ta ɓoye. An gama ginshiƙi da garaya da mayafi, saura fuska da hannuwa, wato inda sunan Gaudelet yake.

Wata Lahadi, iyali suna zaune, ta tashi wana agogon gida. Sai aka ji mabuɗin yana ƙwanƙwasar tangaran, ƙas-ƙas-ƙas, yana neman ramin dama bai samu ba, har wani ɗan ɓantare ya faɗo kan dutsen murhu. Firmin ya san wannan ƙara fiye da kowa a duniya.

Ursule ta yi dariya ta ce, "Sanyi ne, Baba. Ɗakin nan kamar rijiya."

Perrine ta ce, "A watan Yuli?"

Firmin ya miƙe. Ya fita, ya yini yana zaga bakin kogi. Washegari ya hura wuta kamar kullum, ya toshe tagogi, Ursule ta jefa tsabar a baki ta ɗauki burushi. Ya tsaya yana kallon gashin burushin yana karkarwa a kan kumatun mutum-mutumin. Sai ya ce, "Tofar da ita."

"Baba, saura fuska kawai. Mako guda ne."

"Na ce tofar. A hannuna."

Ta tofa masa. Ya ɗauki bokitin ruwa da hannuwa biyu, rabi ya zube a ƙafarsa, rabi ya kashe garwashin, sannan ya fizge tsummokin tagogi ɗaya bayan ɗaya. Da dillalin ya zo ya ga mace da jikin zinariya da fuskar jar tagulla, ya ce, "Gaudelet, hauka ya kai ka nan? Wa zai fitar da wannan launi in ba gidan nan ba?" Firmin ya ce, "Ba kowa. Kwashe kayanka." Aka kai wa wani ya ƙarasa, fuskar ta fito tana ƙyalli kamar gindin tukunya, kuma daga ranar ba dillalin da ya sake taka ƙofarsa. A makon nan ya sa Ursule a keken doki zuwa Villedieu wurin gwaggonta.

Ƙarshen rayuwa da rasuwa

Shekaru ukun da suka rage masa ya yi su ne a kan titi. Perrine tana ciyar da gida da guga, shi kuwa tun safe yake fita yana bin shagunan agogo, yana leƙa gilashi, yana kushe aikin mutane da murya mai rawa har a kore shi. Agogon gida ya tsaya, domin ya hana kowa taɓa mabuɗin. Duk wanda ya zo daga Villedieu tambaya guda yake masa: ko ya ga hannun yarinyar.

Ya rasu a watan Nuwamba na shekarar 1814 yana da shekara arba'in da takwas, aka yi masa addu'a a cocin unguwa, aka binne shi a maƙabartar gabashin birni, masu shafe huɗu suka ɗauki akwatinsa, biyu daga cikinsu hannuwansu na rawa. Perrine ta jefa tsabar zinariyar cikin kabarin, ta ce kada wani ya sake gadonta.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Blaise, wanda ya dawo daga yaƙi ya zama mai gasa burodi a Rouen, Aubin, mai zubin ƙararrawa, da Ursule, wadda ta auri wani maƙerin tukwane a Villedieu, ta haifi 'ya'ya biyar. Ita ta gaji agogon mai ginshiƙai biyu. Ta riƙa wana shi da hannunta kowace Lahadi har tsufanta, kuma a fuskarsa ɓantare biyu ne kawai, na hagu da na dama. Ba a sami na uku ba.