Ba a zuba wa kajina siminti

Jiya da hantsi na dawo daga barka, sai na tarar da magini a bayan ɗakina yana shirin kwaɓa siminti, ya koro min kaji waje. Wai ɗana da ke Kano ne ya turo shi ya yi wa sabon akurkina daɓe.

Na ce, "Malam, ajiye shebur ɗin nan."

Ya ce, "Iya, Alhaji ya ce siminti ya fi tsafta, kuma gafiya ba za ta haƙo ba."

Na ce, "Alhajin naka ya taɓa kiwon ko zakara ɗaya? Kaza a ƙasa take birgima ta kakkaɓe ƙuma. Damina ta zo, sanyin siminti ya kama 'yan tsaki, wa zai kwashe gawa? Haka aka yi wa maƙwabciyata a nan Roni, ko ɗaya bai tsira ba."

Sai ya kira ɗan nawa a waya. Na karɓe na ce, "Tun rasuwar ubanku kajin nan ke saya min gishiri da sabulu. Yau kai za ka koya min inda za su kwana?"

Ya ce, "To Inna, Allah ya huci zuciyarki."

Yau ni da maƙwabtana mun daɓe akurkin da jar ƙasa da tsakuwa da ruwan makuba, na watsa yashi da toka a kai. In ya yi datti in kwashe a kai gona.

Masu kiwo, ku faɗi abin da kuke zubawa, ina ji. Nawa dai na riga na daɓe.