Mahaifina da Abincin Gidan Suruki

Mahaifina, Malam Isyaku, manomi ne a wani ƙauye bayan Rano. A shekarar da sojoji suka miƙa mulki, 1999, aka yi masa aiki a ciki, na ɗauko shi zuwa gidana a Gyaɗi-Gyaɗi don ya murmure. Sai ma ya dinga ramewa, har wuyansa ya koma kamar na yaro.

A asibiti takarda suka miƙo mana: ƙwai, madara, hanta, ci sau biyar a rana, ya ƙara kilo huɗu cikin wata biyu. Mutumin da bai san sikeli ba sai in za a auna buhun dawa! Ba wanda ya tambaye shi komai. Ni ma da sakandaren tawa haka na manna takardar a bango ina ta faɗa, kwano yana dawowa yadda na kai shi.

Maƙwabciyata Rahila ce ta gano matsalar. 'Yar Kudancin Kaduna ce, nas a wani ƙaramin asibiti a Tarauni. Ran Lahadi ta biyo daga coci, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce in ba su wuri. Na laɓe a bakin ƙofa.

"Baba, me kake so ka iya yi?"

"In koma gida kafin shuka."

"Da waɗannan ƙafafun? Ko kaza ba za ka kora ba."

Ya yi dariya, karo na farko tun zuwansa. "Ke 'yar nan ba ki da dama."

"To me ya hana ka ci?"

Ya ce, "Gidan surukina ne fa. In zauna ina taunar hanta, Shehu yana jin motsin bakina?"

Shehu mijina ne. Wata guda tsohon nan yana kashe kansa da yunwa saboda kunya, ni 'yar cikinsa ban gane ba!

Rahila ba ta ce ya bar kunyar ba. Tare suka tsara. Makon farko ya taka zuwa zauren Malam Audu, wani dattijo da ke gida na uku daga namu, ya ci loma biyar a can. Ni ke girkawa, in kai wa matar Malam Audu ta juye a kwanonsu. Baba ya san hannuna a miya, bai taɓa cewa uffan ba. Mako na biyu aka ƙara kunun gyaɗa da safe, ya kai masallacin unguwa. Wani makon ya kasa, Rahila ta ce a maimaita, ba jarrabawa ba ce. Daga nan sai bakin titi.

Da ruwan farko ya sauka, da ƙafarsa ya taka ya hau mota. Ya yi shukarsa.

Shekara shida ya ƙara a duniya. Yakan zo mana da hantsi ɗauke da gyaɗa da kuka, ya sha ruwa, ya tafi kafin in sauke tukunya. In roƙe shi, in yi fushi, ya ce, "Jummai, na ƙoshi." Da ma ko sau ɗaya ya zauna ya ci a gabana, in ga yadda yake gutsurar tuwona.